Saitin Kano a Wayar da Ta Je Dubai

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A majalisa, a ƙofar masallaci, a bakin shago, tambayar ɗaya ce: "Sabi'u, yaya Dubai? Ka hau dogon benen nan? Da gaske ne mutum zai iya kwanciya a kan titinsu don tsafta?" Bakina ya gaji da cewa sai wanda ya gani. To yau zan zazzage muku labarin gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda ba ya nan, a ƙyale ni in ji da ciwon ƙafata. Amma kar wanda ya sa rai da labarin benaye. Dogon benen daga tagar tasi na hango shi, shi ma sai da Baffa ya ce in ɗaga kai. Abin da na fi kallo a Dubai fuskar wayata ce.

Baffa Ado ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe mu tun rasuwar Malam mahaifinmu, kuma a shagonsa na takalma da jakunkuna nake. Ya daɗe yana zuwa Dubai saro kaya shi kaɗai, sai bana gwiwa ta matsa masa, ya ce in shirya in raka shi, in riƙa ɗaukar kaya ina koyon hanya. Ga wanda bai san shi ba, Baffa mutum ne mai ido. Daga ƙofar shago zai hango ɗinkin da ya karkace a jikin takalmin da ke can saman kanta. Lambar nan ta ƙasan takalmi da ni sai na kawo ta kusa da hanci, shi daga tsaye yake karanta ta, bai taɓa sa tabarau ba. Ba ya kuma son surutu. In ya ce maka "to", ka ji hira mai tsawo ke nan.

Lokacin da biza ta fito, matata Rukayya tana gidan iyayenta goyon ciki, cikin fari. A asibiti sun ce da sauran wata guda. Na lissafa na ga za mu je mu dawo da sauran lokaci, don haka ban ce wa Baffa komai ba. Ko da ma babu sauran lokaci, da wane bakin zan faɗa?

Ana jibi za mu tashi na kai wa abokina Ɗanliti wayata a kasuwar waya ta Fam Santa ya ƙara duba mini ita. Ku da kuka ci zamanin cit ba sai na yi muku bayani ba, amma saboda dattawa bari in faɗa. Tun da na sayi wayar, Ɗanliti ya shiga cikin saitin burauza, wato inda ake bi a shiga intanet, ya rubuta wasu lambobi masu ɗigo-ɗigo a wani gurbi da ake kira furoksi. Ya ce daga ranar duk abin da na nema ba zai bi ta ƙofar masu layi ba, ta bayan gida zai zaga, ba za a cire mini ko kwabo ba. Rabin samarin Kano a kan haka suke. Shi ne kuma ya buɗe mini akwatin imel, ya sa masa lambar sirri, ya ce wayar ta haddace, kar in wahalar da kaina. Ranar ya latsa, ya ga komai na tafiya, ya miƙo mini yana cewa, "Wannan saitin ko a Sin ka je sai ya yi." Allah ya yafe wa Ɗanliti.

Tafiya dai ba ta da wani daɗi. Daga Kano muka tashi zuwa Adis Ababa, inda muka yi zaman jiran wani jirgin har gindina ya mutu a kan kujerar ƙarfe. Baffa ya fito da kilishi daga aljihun babbar riga, ya yago mini, ya ce in ci don abin da za a ba mu a jirgi ba abinci ba ne. Gaskiyarsa. Wata 'yar shinkafa aka kawo a gwangwani, wadda ko yaron goye ba za ta ƙosar ba.

A filin jirgin Dubai na fara ganin abin mamaki. Jami'an shige da fice duk farar jallabiya ce da rawani, ni kuwa na ɗauka malamai ne, na gyara murya na yi wa na gabana cikakkiyar sallama har da tambayar gajiya. Bai ko ɗago ba, ya nuna mini wata na'ura da ake leƙawa ta ɗauki hoton ƙwayar ido. Ga ni ban yi barci ba, idon ya yi jawur, da na leƙa sai ya rufe da kansa. Mutumin yana ta "Iftah, iftah! Yalla!" ni ina ta ƙifce-ƙifce, layi ya taru a bayana. Sai da Baffa ya ce daga can gefe, "Kai, buɗe idonka aka ce, ba kwalli za a sa maka ba," sannan na gwale shi da yatsu aka ɗauka.

Masaukinmu a Naif yake, cikin Deira, wani otal mai siririn bene da lif ɗin da ba ya ɗaukar mutum uku da jaka. Ɗakin gado uku ne. Na ukunmu wani dattijo ne daga Maraɗi, Alhaji Idi, mai saro jakunkunan mata, abokin Baffa na shekaru. Mutumin kirki, sai dai minshari da kuma son sanyi. Yakan murɗe na'urar sanyaya ɗaki har ƙarshe, in ka fito waje kuma zafi ya mare ka kamar ka buɗe murfin tukunya. Tsakanin wannan sanyi da wannan zafi mura ta kama ni tun kwanan farko, ba ta sake ni ba har Kano.

Abinci kuwa, da safe wani burodi ne mai falle-falle da Indiyawa ke soyawa, da shayi mai kauri a ɗan kofin takarda. Da rana shinkafa mai kayan ƙamshi, da dare ita ce dai. Ba laifi, amma ba ta zama a ciki. Baffa yana da kwalbar yajinsa, ita ta cece mu. An ce mana akwai wata Bakanuwa da ke tuƙa tuwo a wani fulat, muka hau bene muka same shi, miyar kuka ce ta gaske, amma kuɗin malmala ɗaya a gida sai ya ciyar da mutum huɗu.

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne rashin gaisuwa. Ka shiga lif da mutum, kafaɗa na gogar kafaɗa, ba sannu ba yauwa. A kasuwa ma ciniki ba na baki ba ne. Ka taya, mai kaya ya danna kalkuleta ya juyo maka da ita, kai ma ka danna ka mayar masa. Babu "albarka", babu "Allah ya kawo kasuwa", in bai yi masa ba sai ya ce "Khalas" ya juya ga na bayanka. Titi kuma ba a tsallaka shi inda aka ga dama. Ranar farko na sa ƙafa zan yanka kamar yadda muke yi a Bata can Kano, Baffa ya fizgo wuyan rigata ya ce in ina da kuɗin tara in ci gaba.

Muna cikin wani shagon sari a Naif, kwana biyu da sauka, 'yar ƙaramar wayar Baffa mai tocila ta yi ƙara. Ya kara a kunne. Abin da na ji kawai shi ne, "To. To. Masha Allahu. Aiki? To. Allah ya ƙara sauƙi." Ya mayar da ita aljihu, ya karɓi kalkuleta ya danna, ya miƙa wa mai shago. Sai da aka gama ciniki, yana duba ƙasan wani takalmi, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"An sauka a gidanka. Mace. Sai da aka yi aiki, amma sun ce lafiya."

Na ce, "To." Na sunkuya na ɗauki katan.

Me zan ce? 'Yar fari ce. A gidanmu mutum ya nuna ɗoki a kan ɗan fari a gaban wanda ya haife shi, ai an samu abin faɗa har jikokinsa. Malam, Allah ya ji ƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa jin ya kira sunan Yaya Binta ba, ita ce 'yar farinsa, sai dai ya ce "waccan". Don haka na ɗauki katan na bi bayan Baffa, amma wallahi ban san ta inda muka bi muka koma masauki ba. Kalma ɗaya ce ke yawo a kaina: aiki. Haihuwar da aka ce saura wata, ta zo yanzu, kuma da wuƙa.

Da Baffa ya kwanta hutun rana na sulale na sayi layin ƙasar. Sai da suka ɗauki hoton fasfo ɗina kafin su ba ni. Na cire batir, na sa sabon sim, na tsaya a matattakalar bene inda ba mai ji na, na kira lambar Rukayya. Mahaifiyarta ce ta ɗauka. Na durƙusa a kan matattakala kamar tana gani na, na gaishe ta, na yi barka cikin in-ina. Ta ce, "Lafiya lau, mun gode Allah. Tana barci." Shi ke nan. Suruka ce, ba a yi mata tambaya ta biyu. Da yamma na sake kira, ta ce likita na duba ta. Washegari ta ce ta samu barci ke nan.

Na kira Yaya Binta. Ta ce, "Lafiyarta ƙalau mana. Kai dai ka yi abin da ya kai ka."

Na ce, "Yaya, haka kuka ce mini lokacin Malam."

Ta san abin da nake nufi. Ina Legas aka riƙa ce mini jikin Malam da sauƙi, da sauƙi, na taho a hankalina har da tsarabar burodi, na shawo kwanar layinmu na tarar da tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida. Tun daga ranar, in Bahaushe ya ce mini lafiya lau ta waya, sai gabana ya faɗi.

Ta ce, "To tunda ba ka yarda da bakina ba, maigidana zai je asibitin an jima, zai ɗauki hoto ya turo maka ta imel ɗin nan naka. Sai ka gani da idonka."

Kafin magariba saƙonta ya shigo cewa an tura. Na buɗe burauza. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar fuskar wayar, ya juya, ya juya, sannan ya rubuto da Turanci cewa ba a samu hanya ba. Na sake. Haka. Na ce ko data ce babu, na sauka na sa kati. Haka. Na karɓi lambar intanet ɗin otal a wurin mai karɓar baƙi, wayar ta nuna ta kama, sanduna sun cika, amma zoben nan bai fasa juyawa ba. Ga hoto a cikin tafin hannuna, an rufe shi da ƙofar da ban san inda mukullinta yake ba.

Daga nan Dubai ta zame mini wahala biyu. Da rana ina bin Baffa lungu-lungu da katan a kafaɗa, daga shago zuwa wurin masu kargo, ga mura, ga zafi. Da na samu ya juya baya sai in zaro waya in latsa. Na je shagon intanet na biya kuɗin awa, na zauna gaban kwamfuta, ta ce in sa lambar sirri. Wace lamba? Na kira Ɗanliti, ya ce, "Kai, ni mutum nawa na buɗe wa? Ai na ce maka tana cikin wayar." Na ce wayar ta ƙi. Ya ce ba dai saitinsa ba, sai dai in matsalar ƙasar ce, in kashe in kunna. Na kashe na kunna har maɓallin ya fara laushi.

Na kai wa wani Ba'indiye mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ya jujjuya ta, ya ce da guntun Turancinsa a yi mata fomatin, a wanke ta tas, minti kaɗan. Har na gyaɗa kai, sai na tuna lambar sirrin a cikinta take. In aka wanke, an wanke da hoton ke nan. Na fizge wayata kamar zai gudu da ita, ya bi ni da kallo yana kaɗa kai.

Za ku ce me ya hana in sa a turo wa wani. Wa? Wayar Baffa ko hoto ba ta nunawa. Alhaji Idi sa'an ubana ne, ɗaki ɗaya muke kwana, in ce masa a turo hoton matata da 'yar farina cikin wayarsa? Da ya ga ina ta fama ya tambaye ni abin da nake nema a ciki, sai na ce farashin canji nake son dubawa. Ya yi dariya ya ce canji ga shi nan a rubuce a kowace kusurwa. Na ce ai saitin furoksi ne nake jin ya rikice. Nan take dariyar ta ɗauke. Ya leƙa ƙofa, ya rage murya:

"Atansiyo, yi hankali yaro! Kar ka ƙara faɗin kalmar nan a waje. Nan ba Kano ba ce. An ce da ita ake zagaye abin da hukuma ta toshe, kuma ba sa wasa da shi. Kana so a riƙe maka fasfo?"

Ban san iyakar gaskiyar maganarsa ba, amma ta shige ni. Ga tsoron abin da ke cikin hoto, ga tsoron abin da ke cikin waya. Na daina kai ta wurin kowa. In na ga motar 'yan sanda sai in ji aljihuna ya yi nauyi. Abinci ya daina shiga. Rannan na haɗa wa Baffa katan na wani da namu a wurin kargo, sai da aka sauke aka sake lodi. Ya dube ni ya ce, "Kasuwa muka zo ko latse-latse?" Na ba shi haƙuri. Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da kaina da Ɗanliti da duk wanda ya ƙirƙiro cit. Na gaji, jama'a. Ban taɓa gajiya irin ta wannan makon ba.

Ana gobe za mu taso, bayan mun karya, na tura burodina gefe ban ci ba. Baffa ya kalli burodin, ya kalle ni, ya shanye shayinsa. Sai ya ce:

"Idi ya ce wai ana ganin canji a wayar nan taka."

Na ce, "In tana yi, ana gani."

"To tashi mu je a gyara. Ina so in gani kafin in canza ragowar kuɗina."

Na buɗe baki zan ce ga masu canji nan a ƙasan otal, na tuna ba a yi wa Baffa gyara. Muka fita. Da gwiwar tasa muka taka har tashar jirgin ƙasan nan nasu marar direba, muka sauka wajen Muraƙƙabat, ya ja ni cikin wani dogon gini mai shagunan waya. A wani ɗan shago na ciki ya yi sallama, wani baƙin mutum mai faffaɗar kafaɗa, da ƙaramin gicciye a wuya, ya miƙe da sauri.

"A'a, Baba! Sannu da zuwa. Yaya gwiwa?"

Ban taɓa zaton jin Hausa a wurin ba. Sunansa Bulus, mutumin Zonkwa ne, ya shekara biyar yana gyaran waya a nan. Ashe duk zuwan Baffa sai ya kawo masa yaji da daddawa, shi kuma ya aika wa tsohuwarsa saƙo ta hannunsa. Ya jawo wa Baffa kujera, ya karɓi wayata ya ce, "Ɗan'uwa, me ke damun ta?"

Na kalli hagu da dama, na ce a hankali, "Furoksi."

Ya tuntsire da dariya har abokin aikinsa ya juyo. "Cit ɗin gida ko? Wallahi duk wanda ya sauko daga jirgin Kano da shi yake zuwa. Kwantar da hankalinka, ba wanda zai kama ka don an cire shi. Cirewa ai ita ce daidai."

Ya juyo da fuskar wayar yadda zan gani, ya shiga saitin burauza, ya gangara har gurbin da lambobin Ɗanliti suke zaune. Ya ce, "Ka ga waɗannan? Adireshin wata na'ura ce. An gaya wa wayarka duk inda za ta, sai ta fara biyawa ta nan. A layin gida hanyar tana ɓullewa. A nan babu ta. Ko layin wa ka sa, ko intanet ɗin wane otal ka kama, can za ta nufa ta tsaya tana jira." Ya goge lambobin, ya mayar da gurbin kan babu.

Na ce, "Don Allah kar ka wanke ta. Lambar sirrin imel ɗina a ciki take, ban san ta ba."

Ya ɗaga yatsansa daga wayar. "Gara da ka faɗa. Ga wurin share abin da ta haddace nan dab da shi, ba zan taɓa ba. Amma ɗan'uwa, ka san duk abin da ka rubuta tun da aka sa maka wannan, har lambar sirrin, ta hannun mai na'urar nan yake bi? Ka san shi?"

Na ce ban san shi ba.

Baffa ya ce daga kan kujera, "Wato ɗan aiken da ba ka taɓa gani ba ka ba wa saƙonka a buɗe, don kar ka biya kuɗin mota."

Bulus ya ce, "Baba ya gama magana. In ka koma gida ka buɗe sabon akwati, ka riƙe lambarka a kanka."

Ya latsa imel. Zoben ya juya sau ɗaya, sai ga wani shafi ya fito da jan rubutu da hoton kwaɗo. Na ce shi ke nan, maganar Alhaji Idi ta tabbata, sun gan ni. Bulus ya karanta ya yi tsaki.

"Ka cire batir da za ka sa layi?"

Na ce na cire.

"Shi ne. Agogonta ya koma shekarar da aka ƙera ta. Kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai kwanan wata, ita kuma wayar ta duba ta ga kwanan bai zo ba tukuna a lissafinta, sai ta ce ba ta yarda ba. Gaskiyarta ne, aikinta take yi. In ka ga irin wannan gargaɗin kar ka danna wuce kawai, fara duba agogo." Ya gyara rana da wata da shekara, ya sake latsawa.

Akwatin ya buɗe. Saƙon mijin Yaya Binta ne a sama. Bulus ya taɓa shi, hoton ya fara saukowa daga sama a hankali, layi-layi: bangon asibiti, ƙarfen gado, saman ɗankwali. Na kawar da kai na kafa wa wata cajar da ke rataye ido. Baffa na zaune a wurin. Ban juyo ba.

Bulus ya ce, "Kai! Barka, barka! Taka ce?" Ya dubi Baffa, ya dube ni, sai ya gane, ya miƙa wa Baffa wayar.

Baffa ya karɓa. Ya kai ta nesa, ya kawo ta kusa, ya karkata ta wajen fitila, ya runtse ido. Can ya yi tsaki ya miƙo mini.

"Ni idon nan nawa ya fara tafiya, ba na ganin ƙananan abubuwan nan. Karɓi ka duba mini. Su wane ne a ciki?"

Na karɓa da hannu biyu. Na ce, "Yaya Binta ce, riƙe da jaririya."

"Sai wa?"

"Sai... ita."

"A kwance take ko a zaune?"

A zaune take. Ta jingina da filo, ta rame, leɓenta ya bushe, ɗankwalin ya zame gefe. Ta kawar da kai daga mai ɗaukar hoton, ta kuma kawar daga jaririyar, ita ma tana tata kunyar a gaban mutane. Amma hannunta na hagu ya saɓo ta ƙarƙashin zani, ta riƙe ƙafar yarinyar da yatsu biyu.

Na ce, "A zaune take, Baffa."

"Idonta biyu?"

"Biyu."

"To alhamdu lillahi. Ƙara duba mini da kyau, kar ka yi gaggawa, don in an tambaye ni in san abin da zan ce." Ya dafa gwiwa ya miƙe. "Bulus, zo ka nuna mini inda ake sayar da shayin nan mai kauri."

Suka fita suka bar ni a kan benci da mura da waya. Abokin aikin Bulus, wani Bafilifine, ya turo mini kwalin tishu. Na ce masa mura ce. Sun daɗe ba su dawo ba, alhali mai shayin na nan bakin ƙofa. Maganar canji kuwa Baffa bai sake tayar da ita ba, a ƙasan otal ya canza kuɗinsa kamar kullum.

Da yamma muka koma Naif ɗaukar kayan ƙarshe. Tun daga bakin ƙofa, mai shago na can ciki yana ɗaure katan, Baffa ya ɗaga sanda ya nuna wani takalmi a saman tulin, ya ce a kwance ɗaurin, an haɗa ƙafa arba'in da biyu da arba'in da uku. Aka sauko da shi aka duba. Haka ne. Ya juyo muka haɗa ido, ya ce, "Me kake kallo? Ɗauki katan."

Na ɗauka. Mun iso Kano ana gobe suna, Rukayya na takawa a hankali tana dafa bango, washegari yarinya ta ci sunan mahaifiyar su Baffa. Ɗanliti ya zo barka har yana tambaya ko in kawo ya mayar mini da saiti, akwai sabo da ya fito. Na ce ya sha kununsa ya tafi lafiya.

Dubai ɗin da na gani ke nan. Wanda ke son labarin dogon bene ya je ya tambayi Baffa, shi ne mai ido.